Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman makaranta da masu tsara manhaja, kan yaranmu da dabbobi

Assalamu alaikum malamaina, da ku shugabannin makarantu, da manyanmu masu zama su tsara abin da za a koya wa yara daga firamare har sakandare. Barkanku da aiki, Allah ya saka muku da alheri, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara arba'in ko hamsin na awa ɗaya ya san abin da kuke sha.

Ni ba likitan dabbobi bane, kuma ba ɗan wata ƙungiya bane, uba ne kawai mai yara uku a makaranta. Abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubuta wannan wasiƙar, kwanaki ina dawowa na iske yara kamar su shida da kayan makaranta a jikinsu, jakunkuna a baya, sun kewaye wani ɗan kwikwiyo da ya faɗa cikin kwata ya kasa fita, suna jifansa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya same shi sai a yi shewa a tafa masa. Manya na wucewa, wani ya kalla ya yi murmushi, wani ko kallo bai yi ba. Na tsawatar musu suka watse, na ciro shi ƙafar baya ɗaya ta riga ta karye. Wallahi abin da ya tsaya min a rai har yau shine fuskokin yaran nan, babu wanda zaka kalla kace mugu ne, yara ne masu tsafta da ladabi, ɗayansu har rusunawa yayi ya ce min "Baba yi haƙuri". Wasa suke yi. A wajensu wannan abin da ke kuka a cikin kwata bashi da bambanci da gwangwanin da ake ɗorawa kan dutse ana gwada saiti.

Kuma bazan yi kamar ni na tashi da tsarki ba. Ina ɗan shekara goma ina da danƙo, kuma na iya saiti sosai, wata rana na harbo wata 'yar tsuntsuwa a bishiyar bayan ajinmu ina murna ina nuna wa abokai. Malaminmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, bai dake ni ba, ko tsawa bai min ba. Hannuna ya kama ya kai ni gindin bishiyar, ya sa na hau kan benci na leƙa sheƙar, 'ya'ya uku ne a ciki ko gashi basu gama fitarwa ba, sun hangame baki suna jiran uwa. Ya ce min to yanzu kai ne uwarsu, sai ka san yadda zaka yi dasu. Na kwashe su zuwa gida cikin kwali, na yi ta ƙoƙarin ɗura musu abinci da ruwa da tsinke, kwana biyu duka suka mutu a hannuna. Tun daga ranar ban sake harbin komai ba. Na sha bulala a makaranta kan abubuwa da yawa kuma na manta dalilin mafi yawansu, amma wannan minti goman da malam ya ɓata a kaina yana nan daram.

To wannan minti goman nake roƙonku dashi.

Ni dai a abin da na gani a rayuwa, yawancin wahalar da dabba ke sha a hannun mutane daga rashin sani take zuwa, kuma dama ance rashin sani ya fi dare duhu. Akwai mugaye masu jin daɗin ganin rai na shan azaba, amma basu da yawa idan ka haɗa da mutanen kirki da suke cutar da dabbarsu kullum ba tare da sun san suna yi ba. Ɗauki jaki. Kowa ya tashi da cewa jaki taurin kai gare shi sai da duka, alhali halittarsa ce idan ya tsorata baya zabura ya ruga kamar doki, tsayawa yake cak ya ƙi motsi har sai ya gane abin da ke gabansa, mu kuma sai mu sauke masa sanda. Sannan jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, zai iya samun miki a baya a ƙarƙashin kaya ko ciwon ciki mai tsanani bazai nuna ba, iyakaci ka ganshi ya sunkuyar da kai yayi shiru ya ƙi cin abinci, kuma likitocin dabbobi suna cewa jakin da ya daina cin abinci lamarinsa na gaggawa ne. Wa ya taɓa faɗa wa yaro wannan a aji? Kaza da ake ɗaure wa ƙafafu a rataye ta kai ƙasa na awanni, tsuntsaye basu da wannan tantanin da ya raba ƙirji da ciki irin namu, idan ka kifa ta kayan cikinta ne suke danne mata wurin numfashi, shirun da take yi wahala ce. Kare baya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, don haka wanda ya ɗaure kare a rana babu inuwa babu ruwa, ko ya kulle shi cikin mota da gilashi a rufe, zai iya dawowa ya tarar da gawa. Zomo ba a ɗaga shi da kunne. Kyanwa idan tana kaɗa wutsiya da ƙarfi ranta ne a ɓace, a kyale ta. Duk waɗannan ilimi ne fa, irin wanda ake koyarwa a yi jarabawa a kai, kuma yaro ɗan aji uku zai riƙe su tsaf.

Wasu za su ce ai wannan aikin doka ne, a kama a hukunta. Doka tana da amfani, ban musa ba. A Ingila tun shekarar 1822 wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin ya samu aka zartar da dokar hana azabtar da shanu da dawakai da tumaki, bayan shekara biyu a 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, cikin waɗanda suka kafa ta har da William Wilberforce mutumin da yayi fice wajen yaƙi da cinikin bayi, ita ce aka sani da RSPCA bayan Sarauniya Victoria ta bata sunan sarauta a 1840. A Amurka Henry Bergh ya kafa tasu a New York a 1866. Amma ita doka ihu bayan hari ce, sai ƙafar kwikwiyo ta karye tukuna ake neman wanda ya jefa dutsen, kuma wane ɗan sanda ne zai tsaya a kowane lungu da kowane turke? Mutanen da suka fara wannan aikin da kansu sun gane haka. Wani lauya a birnin Boston na Amurka, George Angell, ya kafa ƙungiya a 1868 bayan an yi tsere mai nisa da wasu dawakai biyu har suka mutu, yayi shekaru yana bin masu laifi, daga baya ya karkata ga yaran makaranta. Dama a Ingila wata mata Catherine Smithies ta fara haɗa yara ƙungiya ƙungiya a 1875, suna haɗuwa ana basu labarin dabbobi suna ɗaukar alkawarin baza su cutar da mai rai ba kuma zasu hana a cutar, Angell ya ɗauki wannan tsarin ya kai Amurka a 1882, a 1889 kuma ya buɗe wata ƙungiya da aikinta kawai ilimantarwa. Lauya ne fa, wanda kotu ce wurin aikinsa, amma aji ya koma.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na uba. Zuciyar da ta saba jin kukan dabba bata motsa ba, zuciya ɗaya ce da wadda yaron zai shiga da ita gidan aurensa gobe. Wannan ba sabuwar magana bace, masanin nan na Ingila John Locke ya rubuta tun 1693 cewa yaran da suka saba azabtar da ƙananan halittu sannu a hankali zuciyarsu kan ƙeƙashe har akan 'yan adam. A 1874 a New York aka samu wata ƙaramar yarinya, Mary Ellen, da masu riƙonta suke gallaza mata, wadda ta gano halin da take ciki ta rasa inda zata kai kuka sai wajen Henry Bergh na ƙungiyar dabbobi, lauyansa ne ya kai maganar kotu aka ceto ta, kuma daga wannan shari'ar aka kafa ƙungiyar kare yara daga zalunci a birnin. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, daga 2016 ta ware zaluntar dabbobi a matsayin laifi mai zaman kansa a cikin ƙididdigar laifukan da take tattarawa. A 2023 kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya faɗa a rubuce cewa dole a kare yara daga ganin tashin hankali, har da wanda ake yi wa dabbobi.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nake duk yaron da ya jefi ƙadangare zai girma ya zama mai kisan kai ba, da haka ne da yawanmu bamu tsira ba. Yawancin yara kwaikwayo ne da son gwada abu, da an nuna musu sai su bari. Amma malam, idan ka ga yaro ɗaya yana maimaitawa, yana keɓewa shi kaɗai yana yi, yana ƙona dabba ko tsire mata ido kuma babu alamar nadama, dan Allah kar ka tsaya a horo, ka zaunar dashi ka bincika me ke faruwa a gidansu. Sau da yawa yaron da ake jibga a gida ko yake ganin ana jibgar mahaifiyarsa, shine yake neman wanda ya fi shi rauni ya sauke a kansa. Ku ne kuke ganin yaran nan awa shida ko bakwai kullum, wani lokacin kun fi mu iyayen sanin halinsu. Kuma anan zan roƙe ku wani abu, kar ku daki yaro don ya daki dabba, domin abin da zai koya shine mai ƙarfi yana dukan mara ƙarfi, wato darasin da ya riga ya haddace.

Nasan akwai wanda yana karantawa yana cewa malam muna fama da yara basu iya karatu ba, babu kujeru, babu littattafai, kai kana maganar kare da kyanwa. Na ji, kuma gaskiyarka. Amma bari in baka lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari daga cizon kare ake ɗauka, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Yaran nan me yake kai su ga cizo? Tsokana, jifa, jan wutsiya, taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ɗaukar kwikwiyo uwar na kallo, ko su ga kare su zura da gudu shi kuma halittarsa ce ya bi abin da ke gudu. Sannan in an cije su sai su ɓoye don tsoron faɗa a gida. Yaron da aka koya masa cewa kaɗa wutsiya ba kullum yake nufin wasa ba, kare in ya sandare jikinsa ya kwantar da kunne yana gurnani to gargaɗi yake, in baƙon kare ya tunkaro ka ka tsaya cak kamar bishiya hannu a jiki kar ka zuba masa ido, in kuma an cije ka ko an yakushe ka ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 ka faɗa wa babba a tafi asibiti a ranar, wannan yaron ka tsare masa ransa. Darasi ɗaya ne, ya kare yaron ya kare karen. Kuma masana lafiya sun daɗe da nuna cewa yi wa karnuka allurar rigakafi shine yake yanke ciwon, bin su ana kashewa baya yankewa.

Malaman addini, ku ma wasiƙar nan taku ce, kuma ku ne ma kuka fi kowa kayan aiki a hannu. Yaranmu sun haddace labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle bata bata abinci ba bata sake ta ta nema ba, sun san labarin wanda Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an karanta musu cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya maida mai rai abin gwada saiti, ya hana yi wa dabba lalas a fuska, ya sa aka mayar wa tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke, ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. 'Yan uwanmu Kirista ma a littafin Karin Magana sura ta 12 an ce adali yana kula da ran dabbarsa. Matsalar itace yaro zai kawo hadisin da ka a jarabawa ya ci maki, ya fito ƙofar makaranta ya ɗauki dutse, saboda ba a taɓa haɗa masa kyanwar cikin littafi da kyanwar da ke kan katangar gidansu ba. In kun karanta hadisin ku tsaya ku tambaye su, wa yake da dabba a gida, yau da safe wa ya bata ruwa, igiyar da aka ɗaure ta da ita tana barin ta kwanta kuwa?

Ga masu tsara manhaja, bana roƙon a ƙirƙiro sabon darasi a ƙara wa malamai nauyi, jadawalin ya riga ya cika. Gurbi nake nema a cikin wanda ake dasu. A kimiyya ana koya wa yaro dabba mai ƙashin baya da mara ƙashin baya, ana sa shi ya zana sassan jikin kifi, amma zai gama sakandare ba a taɓa ce masa dabba tana jin zafi da tsoro ba, alhali wannan ma kimiyya ce, a 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa sun taru a Cambridge ta Ingila sun sa hannu a takarda cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye da wasu halittun suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke sa mai rai ya san abin da ke faruwa dashi, kuma a 2022 Birtaniya ta yi dokar da ta amince cewa har ƙaguwa tana ji. Akwai wani ma'auni mai sauƙi da ya samo asali daga rahoton kwamitin Brambell, wanda ya binciki halin da dabbobin kiwo ke ciki a Birtaniya, a 1965 aka daidaita shi a 1979, kuma hukumar lafiyar dabbobi ta duniya mai hedikwata a Paris tana aiki dashi: dabbar da ke hannun mutum kar ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, ta samu inuwa da wurin kwanciya, a kare ta daga ciwo da rauni a yi mata magani, a bar ta tayi irin ɗabi'ar jinsinta, kuma kar a jefa ta cikin tsoro da firgici. Abu biyar ne, yatsun hannu ɗaya. A bawa yaro aikin gida ya je ya auna wata dabba da ya sani da waɗannan biyar ɗin ya dawo ya faɗa wa aji abin da ya gani, zaku sha mamakin abin da zasu kawo, kuma zaku ga yadda maganar zata isa kunnen iyaye ba tare da kowa ya yi musu wa'azi ba. A darasin noma a koyar da yadda ake kama dabba da ɗaukarta da ɗaure ta. A darasin harshe a sa su rubuta yinin jaki ɗaya da bakin jakin. A gayyato likitan dabbobi ko sau ɗaya a zango. A kuma gyara musu camfin da ke sa a kashe mujiya da jemage da bushiya da an gansu, mujiya ɓeraye take ci, yawancin jemagu ƙwari da 'ya'yan itace.

Abu ɗaya da bana goyon baya shine makaranta ta ajiye zomo ko tsuntsu ko kunkuru a keji don koyar da tausayi alhali babu wanda zai duba shi ranakun ƙarshen mako da lokacin hutu. In yara suka dawo suka tarar da shi ya bushe a keji, gara ma ba a fara ba.

Sai maganar waya, wadda a zamaninmu babu ita. Yanzu yaro zai ga bidiyon an ɗaure wa kyanwa wuta a wutsiya an sa kiɗa mutane dubbai suna dariya, akwai ma masu jefa dabba cikin haɗari da gangan su ɗauki kansu suna "ceto" don a yaba musu a bibiye su. Yaran sakandare suna bukatar a gaya musu ƙarara cewa kallo da turawa shine abincin masu yin wannan abin, kar su tura, kar ma su tsaya zagi a ƙasan bidiyon domin shima ƙara masa tafiya yake, su kai rahoto su wuce.

Mu iyaye ma bamu fita ba, barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, yaron da yaga babansa ya shuri kyanwa daga kan hanya ya riga ya ɗauki karatu kafin ya iso wajenku. Wannan namu ne zamu gyara, ni na fara da nawa gidan, kwikwiyon nan yana wajenmu yanzu, ƙafar ta ɗore amma yana ɗan ɗingishi, an masa allurarsa, ƙaramar 'yata ce mai canza masa ruwa safe da yamma. Biyu daga cikin yaran da suka jefe shi sun zo sun ganshi, ɗayan ya tambaye ni ko har yanzu yana jin zafin.

Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ranar 4 ga Oktoba kuma ranar dabbobi ta duniya, mako ɗaya cif ke nan. Ina roƙon kowane hedimasta da kowace shugabar makaranta da wannan wasiƙar ta iso gare su, ku ware minti goma a taron safe na kowace rana a cikin wannan makon, rana ɗaya kare, rana ɗaya jaki da doki, rana ɗaya tsuntsaye, haka har mako ya ƙare, ba sai kun jira takarda daga sama ba. In babu wanda zai yi maganar, ku aika wa iyaye, a cikinmu akwai makiyaya da masu kiwon kaji da likitoci da zasu zo da gudu, nima in makarantar yarana ta kira ni zan je da karen.

Wassalam,
naku, uban yara uku 'yan makaranta.